Gargaɗi ga masu doguwar lensi: ana sayar da kan tiraifod na jabu a intanet

'Yan uwa masu ɗaukar hoton tsuntsaye, namun daji da wasanni, a yi hattara. Wasu 'yan damfara sun cika shafukan sada zumunta da kasuwannin intanet da tallar kan tiraifod (abin da ke saman sandar kyamara mai ƙafa uku) irin na gimbal, wato mai barin lensi ta juya kowane gefe, da farantin ɗaura lensi a kansa, da ƙafar lensi, wai na kamfani ne aka karya farashi don ragowar kaya ne. Hoton da suke sakawa na gaske ne, daga shafin kamfanin suka kwaso shi. Abin da zai iso hannunka kuwa jabu ne.

Kowa ya san doguwar lensi ba ta jikin kyamara ake ɗaure ta a tiraifod ba. Zoben da ya kewaye lensin yana da ƙafa, ƙafar ce ke hawa kan tiraifod ko sanda mai ƙafa ɗaya, kyamara kuma ta rataya a baya. Lensi mai 600mm f/4 ta zamani tana kai kilo 3, tsofaffin sun haura kilo 5, masu 150-600mm kuma wajen kilo 2. Duk wannan nauyin, da kuɗin da ka zuba, a kan ɗan ƙarfen da bai fi tafin hannu ba suke tsaye. Nan ɗin mutanen nan suke cuta.

Babban tarkonsu shi ne lambar nauyi. Za ka ga an rubuta kan yana ɗaukar kilo 20 ko 30. Babu wani ma'auni guda da masu ƙera kayan nan suka haɗu a kai, kowa da yadda yake gwada nasa, ɗan damfara kuwa abin da ya ga dama yake bugawa a kwali. Kuma doguwar lensi ba nauyi kaɗai ba ce, tsayinta na ƙara ƙarfin da take jan maɗauri da shi da zarar ka karkata ta sama ko ƙasa. Kan da ya riƙe ta tana miƙe yana iya sake ta kana bin tsuntsu a sama.

Farantin ma haka. Yawancin masu dogayen lensi tsarin Arca-Swiss suke bi, mai faɗin kusan milimita 38. Na jabu yakan zo da ɗan ragi a faɗi ko a kusurwa, ka matse har ƙarshe ka ɗauka ya kama, alhali yana iya zamewa. Duba ƙasansa: nagari yakan zo da ƙananan notina biyu a ƙarshensa masu hana shi sulluɓewa idan maɗauri ya saki. Notin ɗaurawa, ko mai inci 1/4 ne ko 3/8, in ƙarfensa mai laushi ne haƙoransa za su cinye tun ba a je ko'ina ba. Ni dai ba zan ɗora babbar lensi a farantin da noti ɗaya ke riƙe da shi ba matuƙar ƙafar lensin tana da hudar noti biyu, domin noti ɗaya yana barin ta ta juya.

Akwai kuma masu liƙa wa ƙafafun tiraifod na alminiyam leda mai zanen kabon faiba (wani abu mai ƙarfi marar nauyi da ake ƙera ƙafafun da shi) su sayar a matsayin kabon. Alminiyam ya fi sanyi a hannu, kuma in ka ƙwanƙwasa shi yana amo irin na ƙarfe. Zaro ƙafar ka leƙa bakin bututun, farin ƙarfe zai tona asiri.

Kafin ka biya, ka ce mai kayan ya ɗauko maka bidiyon abin a hannunsa, da tambari da lambarsa a fili. In ya fara hanya-hanya, ko ya ce ku fita daga kasuwar ka tura kuɗi kai tsaye don a ƙara maka ragi, rabu da shi, don in kuɗin suka fita ta nan babu mai dawo maka da su. Wanda kuma ya riga ya saya, kada ya fara gwaji da lensinsa. Ya ɗaura wani abu mai irin nauyin, ya karkata kan ta kowane gefe, ya ga ko yana saki. In ya saki, ya ɗauki hoto ya kai ƙara wurin masu kasuwar tun wa'adin mayar da kaya bai wuce ba.