Gadon da aka haɗa min a bayan kat-kat ɗina (mota mai jan taya huɗu) a Garwa ta Kamaru, bayan wata bakwai ina kwana a kai

Duk inda na tsaya da motar nan na buɗe baya sai an samu mai leƙowa, wani ya ce waye ya yi maka aikin nan, wani ya ce nawa ya ci, wani kuma tambayarsa ɗaya ce, wai da gaske mutum zai kwana a nan ya tashi ba ciwon baya? Na ƙi ba da amsa da wuri ne saboda aikin katako da ƙarfe ba a yabonsa ranar da aka karɓo shi, sai ya sha gargada ya sha ƙura ya ga damina tukuna. To yanzu wata bakwai kenan, ya ga duk ukun.

Motar tsohuwar Land Cruiser 80 ce mai shan gazuwal, wato dizal, injin 1HZ mai silinda shida, irin wadda ko a ƙauye ta tsaya za ka samu makanikin da ya san cikinta. Aikina saka famfon sola ne a rijiyoyin burtsatse, to yau ina Lagdo gobe ina Poli, jibi Tcholliré ko Rey Bouba, wani lokacin in bi ta Figuil in tsallaka Léré a Chadi har Pala. Yawancin wuraren nan ba masauki, in ma akwai to kuɗin kwana uku ya cinye ribar aikin. Shekaru ina shimfiɗa tabarma a gefen mota, har wata asuba a wajen Poli na ɗaga tabarmar zan naɗe na tarar da kububuwa ta naɗe a ƙarƙashin inda kaina yake, wanda ya san yankin Binuwai ya san macijin nan ba abin wasa ba ne, mutane nawa ya kai asibiti jini na zuba ba ya tsayawa. Daga ranar na ce na bar kwanan ƙasa.

Wurin da suka yi min aikin ƙaramin shago ne a nan Garwa, wani dattijo kafinta da ɗansa mai walda, rumfar kwano ce kawai da injin walda ɗaya da zarto. Ba zan kama suna ba tunda zan faɗi har inda suka gaza. Abin da ya fara burge ni shine Baba bai fara da maganar kuɗi ba, cewa ya yi in cire takalmi in hau in kwanta a bayan motar yadda nake kwanciya a gida, na kwanta, ya ɗauko mita ya auna daga tafin ƙafata zuwa kai, ya ce in juya gefe, ya ce in gwada tashi zaune. Mutane na wucewa suna kallo shi ko a jikinsa. Sai da ya gama wannan sannan ya auna motar.

A nan muka yi gardamar da ita ce zuciyar aikin gaba ɗaya, wato tsayin gadon daga ƙasa. Ni so nake a ɗaga shi sosai, kamar santimita 45, saboda manyan akwatunan kayan aikina da kular ruwan sanyi su shige ƙarƙashi. Daga daɓen motar zuwa rufi bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba a awon da muka yi. Baba ya ce in ka cire 45 ka ɗora katifa mai 10 me ya rage maka? Ya ce "Alhaji, kaya ba sa numfashi, kai ne kake numfashi." Na ce Baba ai ni zan biya, ya ce to shi ba zai yi aikin da zan dawo ina zaginsa a zuci ba. Muka tsaya a 30, daidai ya ɗan haura tudun tayoyin baya yadda katakon zai shimfiɗu daga bango zuwa bango. Wallahi yau ina gode masa, ko da 30 ɗin ma ba ka iya zama miƙe, sai dai ka jingina da gwiwar hannu, da na samu abin da na nema da kamar a cikin akwati zan riƙa kwana, ga zafin rufin mota dab da hanci.

Ƙashin gadon ɗan ne ya yi shi da ƙarfe mai kusurwa huɗu, wanda masu walda a nan ke ce wa tib kare, na milimita 25, sama kuma kontirplake, wato fallen katakon filawud, mai kaurin milimita 15, falle biyu muka saya, kowane falle 244 ne da 122. Na so a sa mai 18 don ƙarfi, suka ce in dai akwai ƙarfe a ƙasa kowane taku biyu to 15 ya isa kuma ya fi sauƙin ɗagawa, haka ne kuwa, har yau bai lotsa ba ko kaɗan duk da wani lokacin mu biyu muke kwana da yaron aikina. An raba shi gida uku, biyun baya a kafe suke, na gaba kuma yana da hinji yana naɗewa ya kwanta a kan na baya, to da rana kujerar tsakiya tana nan ina ɗaukar mutane, da dare in kifar da ita in buɗe fallen ya sauka a kan ƙafafu biyu. Minti biyu an gama shimfiɗa.

Wani abin da na yaba, ba su huda daɓen motar ba. Kujerun can baya na gefe da muka cire sun bar ramukan bulon ɗinsu, wato ƙusoshi masu noti, a nan ɗan Baba ya ɗaure ƙarfen. Don Allah duk wanda zai yi irin wannan kar ya yarda a ajiye masa gadon haka kawai ba ɗauri wai nauyinsa zai riƙe shi, nawa duka ya kai kusan nauyin buhun siminti, ka tuna in ka taka birki da ƙarfi a gangaren dutsen nan da ake ce wa falez na hanyar Ngawundere abu mai wannan nauyin da kaya a cikinsa bayan wuyanka zai nufa.

To yanzu inda suka ba ni haushi. Sun ce kwana huɗu, sai da motar ta yi kwana goma sha ɗaya. Wani ɓangaren ba laifinsu ba ne, lokacin rani ne kuma kowa a Garwa ya san yadda wuta take idan ruwan dam ɗin Lagdo ya ja baya, injin walda kuma ba ya aiki da haƙuri. Amma wani ɓangaren nasu ne, na zo ranar na shida na tarar sun ajiye nawa suna haɗa gadon amarya. Na rasa aiki ɗaya saboda haka kuma na faɗa musu.

Na biyu, aljihunan da ake jawowa daga baya. Baba ya yi su da farin katakon nan ayus saboda rashin nauyi, katako a kan katako ba tare da layin ƙarfe ba. Ranar farko suna tafiya sumul. Bayan sati biyu a hanyar Tcholliré ƙura ta cika ƙasan, sai ka dafa ƙafa a bampa kafin ka jawo, da damina ta zo kuma katakon ya kumbura na hagu ya ƙi fita kwata-kwata har kwana uku da tukunyata da shinkafata a ciki. Kuma ayus katako ne mai laushi, ba ya riƙe sukuru in ana jijjiga, gargada ta zare guda biyar. Ya kamata a ce tun farko bulon ne mai noti da washa aka sa, ko kuma a bar aljihun gaba ɗaya a sayi akwatunan roba masu murfi a riƙa turawa ciki, sun fi arha sun fi hana ƙura, abin da nake yi yanzu kenan a gefe ɗaya.

Na uku shi ne ya fi min ciwo, kuma har da laifina tunda ina tsaye aka yi. Jak ɗin motar da ƙarfen sauke tayar sukur, wato safaya, suna cikin wani aljihu ne a bangon baya, gadon ya zo ya rufe murfin ruf, ba wanda ya lura cikinmu. Sai wata ranar Laraba tsakanin Lagdo da Rey Bouba wajen ƙarfe ɗaya na rana taya ta fashe, ba inuwa ba gida, na buɗe baya na miƙa hannu inda na saba sai na ji ƙarfe. Sai da muka sauke katifa, muka sauke faifan sola guda huɗu muka jingina su a jikin wata ƙaya, muka sauke famfo da igiyoyin waya, na kwanta rub da ciki da sifana ina kwance bulon huɗu gumi na shiga min ido, ƙarfen ya yi zafin da sai da na naɗe hannu da rawani. Aikin minti ashirin ya ci mana awa biyu da rabi, ruwan shanmu ya kusa ƙarewa. Wani Bafulatani mai kiwo ne ya zo ya tsaya ya taya mu ɗaga fallen, Allah ya saka masa da alheri.

Da na dawo ban ko je gida ba na wuce shagon da fushina. Baba ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, ya leƙa ya duba, ya ce "wannan kuskurena ne Alhaji, ka yi haƙuri, bar min ita zuwa la'asar." Ya yanka ƙaramar ƙofa a katakon daidai wurin, yaron ya matsar da ƙafar ƙarfe ɗaya, suka canja duk sukurorin zuwa bulon, suka yanko tsohon tib na taya suka sa tsakanin ƙarfe da katako, ƙarar ƙiƙi-ƙiƙin da ke damuna a hanya ta mutu. Na ciro kuɗi ya ƙi karɓa. A gaskiya wannan ne ya sa har yanzu nake tura musu mutane, na sha aiki da masu sana'a da in ka dawo da ƙorafi sai su ce kai ne ba ka iya amfani da abin ba.

Akwai abubuwan da ba aikin kafinta ba ne amma in ba ka yi su ba gadon bai da amfani. Garwa a watan Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40, motar da ta wuni a rana tanda ce har tsakar dare, dole gilashi ya zama a buɗe, in ka buɗe kuma sauro. Na kai wa tela tsohon gidan sauro ya ɗinka min kamar riga ana zura wa ƙofofin baya ta sama, sai ka rufe ƙofa ka sauke gilashi, na ƙara ƙaramar fanka mai aiki da batir ɗin sola na daban don kar in kashe na mota. Kar kuma wani ya ce zai bar inji a kunne saboda sanyin klim, wato AC, ya yi barci, hayaƙin nan yana da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana shigowa mutum ya wuce daga barci. Haka tukunyar gas da jarkar fetur ba sa kwana a ƙarƙashina, waje nake fitar da su. Da damina kuma na ga ƙasan katifar yana jiƙa har ya fara baƙi-baƙi, gumi ne da ba ya samun hanyar fita, Baba ya huda min ramuka a katakon jere-jere kuma duk safiya ina ɗaga katifar ta sha iska, abin ya tsaya.

Kuɗi, duka da kayan aiki da ladan hannu da katifar soso mai kauri 10 da aka yanka min gida uku ya tasar min dubu 140 na sefa. Farashin ƙarfe da katako ba ya zama wuri ɗaya, to kar ka riƙe wannan ka je kana musu da mutane.

Wani ya tambaye ni ko yanzu sai in tsaya duk inda dare ya same ni. A'a. Gado a mota bai hana zargina, wato 'yan fashin hanya, kuma ba wanda ke da hankali zai kwana shi kaɗai a daji a yankin nan, balle hanyar Mora zuwa Waza zuwa Kusiri da ko da rana sai da addu'a. Ni in magariba ta kusa sai in shiga gari in gaida jauro ko lawan, wato mai garin, in faɗi ko ni waye, in ajiye motar a ƙofar gidansa ko kusa da masallaci, gabanta na kallon hanyar fita, makulli kullum a wuri ɗaya kusa da kaina. Amfanin wannan tsarin a kan tantin da ake ɗorawa a rufin mota shine in wani abu ya taso daga kwancen nan zan zame zuwa sitiyari ba tare da na taka ƙasa ba. Gandun daji irin su Bénoué da Faro da Bouba Ndjida kuma ba a shiga a kwana haka kawai, da izini ake shiga da ɗan rakiya. A shingen jandarma ma ka sa ran za a ce ka buɗe, duk abin da ke da rufaffen ƙasa yana jawo ido, shi ya sa yana da kyau kowane falle ya zama yana ɗaguwa da hannu ba sai an nemo sifana ba.

Daren da ya fi tsaya min a rai a bakin tafkin Léré ne, inda ake cewa har yanzu akwai ayu a ruwan, masunta suka bar ni na tsaya kusa da bukkokinsu. Na buɗe ƙofar baya ta sama na bar ta ƙasa a rufe, na rataya gidan sauro, iska na shigowa daga ruwa, ina kwance ina jin dorina na gurnani can nesa kuma ba na tunanin abin da ke rarrafe a ƙasa. Na yi barci har sai da kiran sallah ya tashe ni.

Aljihun hagun nan dai har yanzu yana min gardama in an yi ruwa. Mun yi da Baba in kawo motar bayan an gama girbi ya cire shi gaba ɗaya ya bar min wurin a buɗe, so nake a gama kafin Disamba, ina da niyyar kai yarana biyu Rhumsiki su ga duwatsun Kapsiki, can kuma da sanyin hunturu bargo za mu nema, fankar ma a gida zan bar ta.