Sharhi: cin gasasshiyar albasar calçot a gidan gona kusa da Valls

A Kataloniya, arewa maso gabashin Sifaniya, daga Nuwamba zuwa Afrilu gidajen abinci na karkara kan sayar da abin da suke kira calçotada. Kuɗi ɗaya za ka biya, a fara kawo maka gasasshiyar albasa mai lawashi da miyar dangwalawa, nama ya biyo baya, a rufe da kayan zaƙi. Wannan sharhi kan wani gidan gona ne da aka mayar gidan abinci a bayan garin Valls, kimanin kilomita 100 daga Basalona. Albasarsu ta ci kuɗinta, miyar ma ba laifi. Naman ne sai Musulmi ya yi shiri tun daga gida.

Kada a ɗauka wannan albasa, wadda suke kira calçot, ƙarama ce da aka tuge kafin ta yi kai. Babbar farar albasa ce irin ta Lleida, wani gari a Kataloniya, mai jinkirin nuna. Ana cire ta a lokacin zafi, a ajiye ta ta huta, a sake binne ta wajen Agusta zuwa Satumba. Kowace ƙwaya sai ta fito da tsiro da yawa, manomi kuma yana ta tura musu ƙasa a gindi suna tashi, don sashen da rana ba ta gani ya fito fari, dogo, mai laushi. Wadda ke ɗauke da tambarin Calçot de Valls dole farin jikinta ya kai santimita 15 zuwa 25, kaurinta 1.7 zuwa 2.5, kuma dami-dami ake ɗaure ta, 25 ko 50, da shuɗin zare. Gundumomi huɗu kaɗai ke da izinin tambarin: Alt Camp, Baix Camp, Tarragonès da Baix Penedès. A wannan gida damunan na jibge kusa da murhu da zarensu a jiki, kowa na gani.

Wajen gashi ne ake gane gwani. Masara garwashi take so, wannan kuwa harshen wuta take so, mai tashi sosai. Shi ya sa suke amfani da busassun rassan inabi da aka sassabe da hunturu: suna kamawa nan take, su ba da wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci. Ba a wanke albasar, ba a ɓare ta. Ƙasar kawai ake kakkaɓewa, a rage saiwa kaɗan, a datse bakin lawashin. Wanda ya yanke gindin gaba ɗaya ya buɗe wa ruwan cikin hanya, zai tsiyaye cikin wuta. Ana jera su layi ɗaya a kan raga, farin jikin a tsakiyar wuta, ganyen a waje. Minti biyar ko makamancin haka kowane gefe, har bayan ya yi baƙi ƙirin, wani ɗan kumfa ya fara fitowa yana tsuwwa. Ɓawon waje ya ƙone, shi ne tukunyar da cikin ke dahuwa a ciki. In aka sa gawayi, ɓawon ba ya ƙonewa da sauri, albasar ta daɗe a kan zafi, ta yamushe ta bushe.

Daga raga ba teburi suke zuwa ba. Ana naɗe su cikin jarida, kamar 20 a ƙunshi, a cusa a kwali ko akwati na minti 20 zuwa 30. Tururin da ke cikin ƙunshin ne ke ƙarasa dafa tsakiyar, ya kuma saki ɓawon. A nan gidan ya yi tuntuɓe. Zagayen farko ya zo lugub, mai zaƙi, ɓawon na zarewa da ja ɗaya. Da gidan ya cika aka nemi ƙari, sai suka kawo wadda ba ta gama hutawa ba: baya ya ƙone, tsakiya na ƙaras-ƙaras, yajin ɗanyar albasa na nan. Wanda zai je ranar Lahadi gara ya nemi zaman farko, kafin mai gashi ya rikice.

Ana kawo su a kan fale-falen yumɓu mai lanƙwasa, irin na rufin ɗaki a can, saboda yana riƙe zafi. Za a ba ka ƙyallen ɗaurawa a wuya, kuma kada girman kai ya hana ka ɗaura shi. Ka kama ganyen tsakiya da hannu ɗaya, ka matse gindin da ɗayan ka ja ƙasa, baƙin ya zare, farin ya fito. Ka dangwala, ka ɗaga kai, ka sauke ta a baki, ka gatse inda kore ya fara. In ka haɗa da ganyen waje wajen riƙewa, ba za ta zare ba, sai ta tsinke. Babba mai ci yakan tashi da 15 zuwa 20.

Miyar ana ce mata salvitxada, 'yar'uwar romesco ce, wata sananniyar miyar Kataloniya. Ga mutum huɗu: giram 100 na gasasshen almon, ɗan cikin hannu na avellana, wani ɗan itace mai mai da ake nomawa sosai wajen garin Reus, tumatir huɗu ko biyar da kan tafarnuwa ɗaya da aka gasa, naman busasshen tattasan nyora biyu da aka jiƙa, yankan burodi, gishiri, cokalin ruwan khal, sai man zaitun kamar kofin shayi ana zubawa a hankali. Ta wannan gida ɗanɗanonta ya yi, amma na'ura ta niƙe ta sumul har ta ɗan yi ruwa, tana zamewa daga jikin albasar. Ta turmi ta fi, domin ɓarzajjen almon ne ke sa ta kama. Tumatir ma in ba a tsane ruwansa bayan gashi ba, haka take yi.

Nama kuwa, abin da aka saba shi ne haƙarƙarin rago da botifarra, ita kuwa sosej ce ta naman alade, wata ma da jini ake yin ta. A raga ɗaya ake gasa su, kuma farin waken da ke rakiya sau da yawa da kitsen alade ake soya shi. Giya ma tana cikin kuɗin, a wani tulun gilashi mai tsinin baki da ake kira porró. Da aka yi musu magana lokacin kama teburi sun sauya da gasassun kayan lambu da ruwan sha ba gardama, sai dai ba su rage ko sisi ba. Ragon nasu ba yankan Musulunci ba ne, don haka a tambaya tun a waya. Kayan zaƙi ba matsala: lemu da crema catalana, kastad mai ƙonannen sukari a sama.

Janairu zuwa farkon Maris ne lokacin da ta fi daɗi. Zuwa Afrilu takan fara fitar da kara a tsakiya, shi kuwa ko an kwana ana gasawa ba ya laushi. Ranar Lahadin ƙarshe ta Janairu ake babban bikinta a Valls, tun 1982, har da gasar ci, kuma a wannan mako teburi sai wanda ya kama da wuri. A sa tsofaffin kaya, don hayaƙin rassan inabi na kama tufafi, baƙin yatsu kuma sai an haɗa da sabulu.