Garejin da ya riƙe mini Corolla shekara tara, da batun tsawon ran mota

Duk wanda ya shiga motata ya leƙa mita, tambayar da yake fara yi ita ce ko an taɓa sauke injinta. Toyota Corolla ce ƙirar 2005, wadda na saya 'yar Kwatano a shekarar 2016, 'yan watanni kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017. Da yake daga Amurka aka kawo ta, da mil take lissafi, kuma a ranar da na karɓi makullinta mitar tana nuna mil 118,000, ko da yake ba zan rantse a kan wannan adadi ba, domin mayar da mita baya tsohuwar sana'a ce a wajen wasu dillalai. Yau tana kan mil 241,000, wato kusan kilomita 388,000, kuma ba a taɓa buɗe injin ba. Rabin yabon na kamfanin da ya ƙera ta ne, sauran rabin kuwa na wani gareji ne da ke wani lungu a wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, inda nake kai ta tun makon da na saye ta.

Garejin ba shi da abin burgewa a ido. Rumfar kwano ce da rami guda na shiga ƙarƙashin mota, sai bishiyar dalbejiya da benci biyu, da ƙasa wadda baƙin mai ya rina tun shekaru. Abin da ya bambanta shi da sauran wuraren da na sani shi ne wani littafin rajista mai baƙin bango da maigidan yake ajiyewa a cikin akwatin ƙarfe tare da sifanoninsa. Kowace motar da ke zuwa a kai a kai tana da shafinta, inda yake rubuta rana da adadin mita da abin da aka canza. Saboda wannan littafi ne ba a taɓa yi mini juyen baƙin mai a kan zato ba. Idan na zo da wuri yakan buɗe shafin ya ce, “Malam, saura kilomita dubu ɗaya, je ka ka dawo, kada ka zubar da kuɗinka.” Idan kuma na makara, ba ya ɓoye fushinsa.

Ƙa'idarsa a kan baƙin mai ita ce juye a kowace kilomita 5,000 tare da sabuwar filta, kuma ba ya karɓar man da aka auno a galan marar hatimi. Mun taɓa yin gardama da shi a kan wannan tazara, domin na karanta cewa man zamani yana iya kai ninki biyu na haka. Amsar da ya ba ni ita ce ya ciro filtar iska ya buga ta a jikin taya, ƙura ta tashi kamar an zazzage buhun gari, alhali wata biyu kacal da sa ta. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari, ni kuma ina zirga-zirga tsakanin Katsina da Daura kowane mako, tafiyar kimanin kilomita 80. Littafin kamfani da kansa yana rage tazarar sabis ga motar da ke aiki cikin ƙura da zafi, kuma mu nan daga hazon Disamba sai mu faɗa zafin Afrilu da Mayu, wanda yake haura digiri 40. Tun daga ranar ban sake tayar da maganar ba.

Inda na fi jinjina masa shi ne batun ruwan lagireto, domin a nan ne yawancin injinan garin nan suke mutuwa. Al'adar da ta zama ruwan dare ita ce a cire ƙaramin murfin nan mai daidaita zafin inji, wanda bakanikai ke kira tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan famfo ko na rijiya, a ce ai tamostat na ƙasashen sanyi ne. Shi bai yarda da haka ba. An ƙera injin ne ya yi aiki a wani mataki na zafi, kuma idan aka bar shi yana gudu da sanyi yakan ƙara shan fetur, ya kuma riƙa cin jikinsa a hankali. Ruwan rijiya kuwa yana barin tsatsa da gishiri a cikin hanyoyin ruwa har su toshe, ranar da suka toshe a kan hanyar Kano da tsakar rana sai gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe. Da aka kawo motata babu tamostat a cikinta, shi ya nemo ya mayar, ya wanke lagireton, ya zuba ruwan sanyaya inji na kwalba. Haka nan bai yarda a zuba wa giya kowane irin jan mai ba, sai nau'in da aka rubuta a jikin sandar aunawa.

To, shekara nawa mota mai samun irin wannan kulawa za ta yi? A ganina lissafi da shekaru yaudara ne, domin motar da ta yi shekara ashirin tana kai maigida masallaci da kasuwa ba ɗaya take da Golf ɗin haya da ke jigila zuwa Jibiya ko Funtuwa kullum ba. Da kilomita ya kamata a auna. Motar fetur ta Japan irin tawa, idan ba ta taɓa yin mummunan zafi ba kuma ba a bar ta da ƙishirwar mai ba, kai wa kilomita 300,000 ba abin mamaki ba ne a gare ta, kuma da yawa suna wuce 400,000 da injinsu na asali. A Amurka matsakaicin shekarun motocin da ke kan titi ya haura 12, kuma yawancin waɗanda muke saye sai sun gama wannan rayuwa ta farko kafin su fara ta biyu a hannunmu. Akwai kuma misalan da suka wuce hankali. Wani malamin makaranta Ba'amurke mai suna Irv Gordon ya sayi Volvo P1800 sabuwa a 1966, ya yi tafiyar sama da mil miliyan 3 da ita kafin rasuwarsa a 2018, ko da yake an sake gina injin a tsawon wannan lokaci. Mu ma ba sai mun je nesa ba: Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, har yanzu ana cin karo da ita a hanyoyin kasuwannin ƙauye ɗauke da buhuna, shekaru da yawa bayan an daina ƙera ta.

Sai dai daɗewar inji ba ta nufin aljihu ya huta. A cikin shekara tara littafin ya nuna an canza shokozoba sau biyu, famfon ruwa sau ɗaya, famfon fetur sau biyu, batir sau huɗu saboda zafi ba ya barin batir ya tsufa, ban da fulogi da birki da tayoyi. Na yi sa'a wannan injin sarƙa yake amfani da ita wajen daidaita bugunsa, ba bel ba. Masu motoci masu bel dole su canza shi a kan lokaci, galibi a wajen kilomita 100,000, domin a wasu injinan idan ya tsinke mota na gudu ɓarnar takan kai ga sauke inji gaba ɗaya.

Garejin yana da nasa aibin, kuma ba ƙarami ba ne. Na farko shi ne jinkiri. Maigidan ba ya barin yaransa su ɗaure muhimmin abu sai ya duba da idonsa, saboda haka aikin awa biyu yakan cinye yini, ranar Juma'a kuwa kada ma mutum ya soma. Na biyu, ba shi da na'urar kwamfuta ta gano matsala, sai dai ya kira wani ya zo da ita a biya shi daban, wanda hakan ya sa ba zan ba mai sabuwar mota mai yawan lantarki shawarar ya dogara da shi kaɗai ba. Sau ɗaya kuma wani yaronsa ya sayo mini famfon fetur na jabu a farashin na asali, ya mutu cikin wata uku, ya bar ni da iyali a gefen hanya kusa da Mashi da la'asar sakaliya. Maigidan ya canza shi bai karɓi kuɗin aiki ba, ya kuma ba ni haƙuri, amma kuɗin famfo na biyu daga aljihuna ya fita. Tun daga lokacin ni nake zuwa sayen kayan gyara da kaina, ko in tafi tare da shi.

Kuɗin aikinsa ya ɗan ɗara na maƙwabtansa, kuma ba ya son ciniki mai tsawo. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuma farashin motoci ya yi tashin gwauron zabo, na lura layin da ke gaban rumfarsa ya ƙaru, domin mutanen da a da suke sauya mota bayan shekara huɗu yanzu sun koma lallaɓa wadda ke hannu.

A sabis ɗin da ya gabata na tambaye shi kai tsaye, na ce, “Oga, nawa ya rage mata?” Bai amsa nan take ba. Ya sa yaro ya tayar da ita, ya tsaya a bayan salansa yana duban hayaƙi, ya zaro sandar mai ya murza a yatsa, sa'an nan ya ce ta fara rage mai kaɗan tsakanin juye da juye, alamar ringi, wato zoben da ke hana mai shiga inda fetur ke ƙonewa a cikin inji, ya soma gajiya, amma in dai na ci gaba da duba mai kowace Asabar, bai ga abin da zai hana ta ƙara kilomita 100,000 kafin a yi maganar buɗe ta ba. Abin da ya fi damunsa shi ne tsatsar da ta fara cin ƙasan ƙofar baya, tsarabar gishirin da ake zubawa a titunan Amurka lokacin ƙanƙara, kuma ya rubuta a shafina cewa a kai ta wajen mai walda kafin damina ta faɗi.