Littafin tambayoyin lissafi na JAMB da na saya wa ƙanwata

Wanda ake ta tallarsa a shagunan littattafai na Gusau nake nufi, mai koren bango. Ba don wani shafi guda ba da tuni na ce kada kowa ya ɓata kuɗinsa.

Tambayar da ke shafin ita ce: p da q lambobi ne firam (wato lambobin da suka wuce 1 waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu), p ya fi q, idan aka ninka su sakamakon cika ne kuma bai kai 30 ba, p nawa za a iya samu? Yarinyar nan ta cika takarda da gwaji, 3 sau 5, 5 sau 7, duk mara suke fitowa, har ta ce, "Yaya, anya tambayar nan daidai take?" Sai muka duba bayanin. Wallahi ya burge ni. Marubucin ya ce a ajiye biro tukuna, a yi tunani: mara sau mara kullum mara ne, don haka dole ɗayansu ya zama cika. Firam kuwa ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, duk wata cika da ta wuce 2 kuma 2 na raba ta. Ke nan 2 kaɗai ta rage, ita ce q. Saura p: 3, 5, 7, 11, 13, domin 17 sau 2 ya kai 34. Amsa 5. A ɗakin jarrabawar kwamfuta, inda agogo ke cin mutum, irin wannan dabarar ake nema.

To amma fa, da muka juya baya wajen jerin amsoshi, 6 aka buga! Da alama sun lissafa 2 sau 2, alhali tambayar da kanta ta ce p ya fi q. Yaron da ke karatu shi kaɗai, ba mai duba masa, wanne zai ɗauka?

Wannan ya sa na bi teburin firam ɗinsu layi-layi. Firam 25 ne ƙasa da 100, su sun jera 27. Sun cusa 1, sun cusa 91, wadda 7 sau 13 ce. Haba! Ga takardar ba kauri, ana goge fensir sai ta huje.

Na koma shagon, mai shagon ya ce shi sayarwa kawai yake yi. In kun riga kun saya, ku karanta bayanan, amma amsoshin baya ku sa malamin lissafi ya bi muku su da jan biro.