Wasiƙa daga Akra zuwa shagon Yaya a Fagge

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da yaran shago baki ɗaya. Ka tambaye ni ko kayanmu za su shiga a nan, da kuma abin da samarin Akra suke yayi. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na rubuto.

Ta fannin shadda, ka kwantar da hankalinka, Kantin Kwari ta yi musu nisa. Abin da za ka zaɓa a layi ɗaya a Kwari sai ka zagaye kasuwar Makola da unguwar Nima ba ka haɗa shi ba, ga tsada. Atamfa ce ƙarfinsu. Masaƙun GTP ta Tema da ATL ta Akosombo suna nan suna bugawa, ko da yake su ma ta China ta shaƙe musu wuya, irin yadda ta yi wa masaƙun Kaduna da Kano. Abin da ya ɗan taimake su shi ne tun 2004 gwamnatin Shugaba Kufuor ta fito da tsarin sa kayan gida ranar Juma'a, har ma'aikatan banki. Daga nan tela ya samu kasuwar ofis. Akwai kuma fugu, rigar saƙi ta arewacin Gana mai faɗin gindi, irin wadda Nkrumah ya sa daren shelar 'yancin kai a 1957. Yanzu matasa suna rage mata tsawo su ɗora a kan wandon jins.

Inda na fi daɗewa ina kallo shi ne Kantamanto, kasuwar gwanjonsu. Ƙofar Wambai ba ta kama ƙafarta ba. Ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a cikinta ta ƙiyasta cewa tufafi wajen miliyan 15 ne ke shigowa duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 a bola suke ƙarewa. Da sassafe ake yanka dila. 'Yan mata 'yan arewa ne ke ɗauko ta a ka, nauyin da ƙato ma sai ya yi nishi. Mai kaya ya datse igiya, masu saye su rufa a kai, kowa na neman na farko. Abin da aka bari, mai tabo da mai yagewa, shi samarin da ke sake ɗinka gwanjo suke jira. Akwai wani da muke zama kusa da rumfarsa. Ya ɗauki wandunan jins matattu, ya farke su, ya ware aljihu gefe, ƙugu gefe, ya jera ƙyallayen daga mai duhu zuwa mai haske, ya haɗa jaket. Wallahi ɗinkinsa bai kai na yaranka ba, bakin hannun ma a karkace yake. Amma ya liƙa sunansa a wuyan rigar, ya sa abokinsa ya saka, suka ɗauki hoto a bakin teku, ya ɗora a Instagram. Kuɗin da aka biya shi ya fi na kaftani mai aiki. Gobarar farkon Janairun 2025 ta cinye yawancin kasuwar, amma sun sake kafa rumfuna, harka ta ci gaba.

Wannan sa suna shi ne abin da ya tsaya mini a rai. A wani kanti a unguwar Osu na ga hular zanna da jakar fata, ina ganin jimar na san ta gida ce. An rataya musu 'yar takarda mai sunan kantin, an ninka kuɗin sau ban san adadi ba. Mai ɗinkin hular da ta kwashe makonni tana soka allura, ko sunan garinta babu a jiki. Mu ma da laifinmu: riga mai aska takwas ta fita daga hannunka, babu abin da zai nuna wa mai saye shagon da zai koma.

Masu zane ma haka suke yi da abin da aka yar. Ibrahim Mahama, ɗan Tamale, tsofaffin buhunan koko yake tarawa, waɗanda suka gama ɗaukar koko suka koma ɗaukar gawayi. Ya sa a ɗinke su wuri guda ya lulluɓe gini da su. Ya yi a bikin baje kolin Benis na Italiya a 2015, ya yi wa babban ɗakin wasan kwaikwayo na ƙasa a nan Akra a 2016. Kuɗin da ya samu ya koma da su Tamale, ya buɗe cibiyar zane a 2019. Serge Attukwei Clottey kuma jarkokin ruwa masu ruwan ɗorawa yake yankawa ƙanana-ƙanana ya ɗinke da wayar tagulla. Ban ce duka na gane ba. Wani aikin in na tsaya gabansa sai in ji kamar ana yi mana wayo ne. Sai dai wurin nunawa akwai shi. Gallery 1957 da ke otal ɗin Kempinski an buɗe shi a 2016, na shiga da silifas ɗina ba wanda ya tambaye ni ko sisi. Bikin Chale Wote da aka fara a unguwar Jamestown a 2011, duk watan Agusta, a titi ake yin sa: masu fenti a jikin bango, masu ganga, masu sayar da riguna, kowa da rumfarsa. Daga cikin masu zanen bangon da ake ji da su akwai Moh Awudu, ɗan Nima ne. Na tuna marinar Ƙofar Mata, baƙo ya zo ya yi hoto ya wuce.

Kiɗa ba fannina ba ne, kuma wanda samarin Kumasi suke yi, asaka, yana sa ni ciwon kai. Abin da ya shafe mu shi ne sutura. Mawaƙi Black Sherif, wanda sunansa Mohammed Ismail Sherif, ya tashi a zangon Konongo, ya ci kyautar waƙa ta BET ta Amurka a 2023, kuma duk abin da ya saka washegari yara na nemansa. Mawaƙi a nan yana da mai zaɓa masa kaya, shi ke yawo shago-shago kafin a ɗauki bidiyo. A Disamba, lokacin bikin kiɗa na AfroFuture, 'yan ƙasashen waje suke cika gari, tikiti ya yi tsada, tela ba ya barci.

Kada ka ɗauka komai daɗi ne. Kuɗin haya ya kusa karya ni: doka ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida, masu gida kuwa na shekara biyu suke nema a dunƙule. Wuta ta fi tamu zama, amma mita tana shan kuɗi. Biyan kuɗi ta waya, wanda suke kira MoMo, ya game ko'ina, har mai koko da ƙosai tana karɓa. Teloli kuma alƙawarinsu irin namu ne, sai dai masu shagunan zamani sun huta da awo, suna ɗinka ƙarami da matsakaici da babba su rataye.

Saboda haka ga abin da nake so. Kada ka aiko da kaftani cikakke, akwai masu yi a Nima da Sabon Zango. Ka aiko da huluna aikin hannu, da rinin Ƙofar Mata mai shuɗi sosai, da gajerun riguna masu aikin wuya kaɗan, waɗanda za su hau kan jins. A buga 'yar alama da sunan shago da Kano a ɗinka a wuyan kowace. Ka fara da kaɗan mu ga yadda za ta kaya kafin Agusta. Kuɗin mota ni zan biya idan kaya sun iso.

A gaida Inna, a ce mata yajin da ta ba ni ya ƙare.

Ƙaninka.