Gargaɗi: mai tallar "abincin warkar da hanji" ya ci mana dubu 185

Jama'a, ku yi hattara da wani mutum da ke tallar "tsarin abinci na warkar da ciwon hanji har abada" a Facebook, da ka tanka masa sai ya ja ka WhatsApp. Dakta yake kiran kansa, hotonsa da farar riga da abin awon ƙirji rataye a wuya. Naira dubu 185 ya ci mana. Dubu 185, kuɗin adashen da na ɗauka, kuma da a kuɗi abin ya tsaya da na bar shi da Allah na yi shiru. Saura ƙiris ya kashe min ƙane.

Ƙanena yana da kumburin babban hanji mai gyambo, wanda likitoci ke ce wa kolaitis, ɗan'uwan wani ciwon kumburin hanjin da ake kira cutar Crohn. Dangi kowa basir yake cewa, wasu su ce atuni ne, sai da aka zura masa kyamara aka ɗebi ɗan naman hanjin aka auna sannan aka gane. Garkuwar jikinsa ce ke faɗa da bangon hanjin, ciwon ya lafa ya taso, kuma mesalazine, maganin asibitin da ke riƙe shi, ba a ajiye shi ko an ji sauƙi. Duk wanda ke sayen maganin nan wata-wata ya san yadda yake cin aljihu.

Kafin wani ya zo min da "ke ma da ganganci", ku tsaya ku ji. Ni ba yarinya ba ce, kuma ba na tura wa kowa kuɗi haka kawai. Sallama kawai na yi masa na ce ƙanena ne ba lafiya, ciwon hanji. Sai ya turo saƙon murya: "Hajiya, yana tashi cikin dare ya zaga ko? Da jini da majina? Kuma in ya fito yana jin kamar bai gama ba?" Wallahi sai da na zauna. Ban faɗa masa ko ɗaya ba. "Yana jin kamar bai gama ba." Wannan maganar ita ta kama ni, don ko Inna ba ta san da ita ba, ni kaɗai yaron ya taɓa gaya wa saboda kunya. Har yanzu ina kunna saƙon nan ina saurara, muryarsa a kwance, yana sako insha Allahu a kowace gaɓa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Dubu 15 kuɗin buɗe fayil. Dubu 120 garin magani. Dubu 30 zuma "ta musamman". Dubu 20 kuɗin mota. Ku haɗa, dubu 185. Kuɗin fayil ɗin ma ina jin bayan saƙon muryar ne, ko kafinsa, zan duba, duk suna cikin wayata. Sunan da ke kan asusun daban da nasa, na tambaya a take, ya ce na sakatariyarsa ne. Ku gaya min, ban tambaya ba?

Takardar abincin kuwa, ita ce ta fi ƙona min rai. Ya hana wake, albasa, tafarnuwa, burodi da duk abin alkama, madara, mangwaro da kankana. Kuma fa da yaron ya bar su, kumburin ciki da yawan iskar sun ragu a farko, shi ya sa na ƙara yarda. Sai da muka kwanta a asibiti mai ba da shawarar abinci ta karɓi wayata ta duba, ta girgiza kai. Ashe rabin takardar sato ta ya yi daga tsarin FODMAP, wato tsarin rage abincin da ke tara iska a ciki, da masu bincike na Jami'ar Monash a Ostireliya suka fito da shi. Ta ce mako 2 zuwa 6 ake yi, sannan a riƙa dawo da abincin ɗaya bayan ɗaya a gano wanda ke tayar wa mutum da ciki. Yana rage iska da ƙugin ciki, amma ba ya warkar da gyambo, ba ya tsayar da jini. Shi kuwa cewa ya yi har abada. Kuma zuma tana cikin abin da tsarin na gaskiya ke cewa a rage! Zumar da ya sayar min dubu 30!

Sauran rabin ƙirƙirarsa ce. Ya hana nama, ya hana kifi, ya hana ƙwai, alhali ba ruwansu da wannan tsarin. Yaron da ke zubar da jini kullum, aka bar shi da koko da farar shinkafa. Wandonsa sai da ya ƙara huda bel.

Na tsallake garin maganin. Shi ya fara zuwa, a roba mai murfi da lambar NAFDAC a jiki, daga baya muka bincika ba mu samu lambar a rajista ba. Ranar da aka buɗe Inna ta shinshina ta ce, "Wannan ai warin filasko yake." Na ce Inna ki bari, Dakta ne. Filasko fa, maganin da ake sha don a yi gudawa, shi aka ba mai gudawar jini. Kuma sharaɗinsa na farko shi ne a ajiye maganin asibiti, wai "ba sa jituwa". Da zawon ya tsananta na kira shi ina rawar murya, ya ce, "Alhamdulillahi Hajiya, dattin shekaru ne ke fita." Ya ce in ciwon mara ya dame shi a ba shi diclofenac. Likita da ya ji wannan sai da ya ajiye biro, ya ce irin su diclofenac da ibuprofen suna iya tayar da ciwon nan.

A banɗaki ya yanke jiki ya faɗi. Ƙarin ruwa, ƙarin jini, allurai, yanzu yana kan prednisolone, maganin rage kumburi, kafin abin ya lafa. Kuɗin asibiti daban, ban ma saka su a cikin dubu 185 ɗin ba. Daga bakin gadon na tura wa mutumin hoton ledar jini, ya karanta, ya toshe ni. Shafin ya sauya suna, amma bidiyon matar nan da ke kuka tana cewa ta warke yana nan, shi ne dai.

Kar ku ajiye maganin asibiti don maganar wani a waya. Batun abinci ku tambayi likitanku ya haɗa ku da masu ba da shawarar abinci. Duk wanda ya ce yana warkar da ciwon nan har abada da gari da zuma, ƙarya yake.

Dakta, in kana karantawa, ban yafe ba, ko sisi ban yafe ba. Rasit huɗu, saƙonnin murya da hoton robar duk zan ɗora su a nan da daddare in an kawo wuta na yi caji. Wanda shi ma aka yi masa ya same ni ta akwatin saƙo, mu haɗu mu kai ƙara tare.