Gargaɗi ga mutanen zango: hattara da mai "korar fatalwa" a Kumasi

Assalamu alaikum jama'a. Abin da ya faru a gidan gwaggona a Aboabo ne ya sa na rubuta wannan, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Mijinta ya rasu, ko arba'in ba a yi ba aka fara jin jifa a kan kwano da tsakar dare. Wata rana tsakuwa, wata rana ƙwanƙwasa taga. 'Yan haya biyu suka kwashe kayansu. Ana cikin haka sai ga wani mutum da farar jallabiya da dogon carbi, wai labari ya ji ya zo taimako don Allah. Ya zagaya ɗakuna, ya tsaya a ƙofar ɗakin marigayi ya ce: "Hajiya, maigidanki bai kwanta ba, an yi binne a gidan nan." Ya nuna bayan ɗaki aka haƙa, sai ga laya cikin kwalba. Gwaggo ta fashe da kuka. Ni kaina a lokacin gabana ya faɗi, ban yi tunanin cewa wanda ya binne abu shi ya san inda za a tono shi ba.

Daga nan kuɗi suka fara fita: baƙin rago, turare, kuɗin "masu aiki". Komai ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kuma sunan da ke fitowa ba nasa ba ne. Duk ran da aka biya, jifa ya ɗauke kwana uku, sannan ya dawo. Mace mai takaba, ba barci, ba wanda za ta yi wa musu. A wata na biyu ya fito da abin da ya kawo shi: wai gidan ba zai zaunu ba, a sayar, kuma yana da mai saye a hannu. Gidan marayu, a farashin da ko fili ba zai saya ba a Asawase!

Samarin unguwa ne suka yi kwanan gadi, suka kama yaro da aljihu cike da tsakuwa. Ya ce biyansa ake yi kowane dare. Washegari wayar malam a kashe.

Jama'a, mamaci ba ya dawowa yana jifa. Suratul Mu'minun aya ta 100 ta faɗa: akwai barzahu a bayansu har ranar tashi. Mai tsoron shaiɗan a gidansa ya karanta Baƙara, hadisi ne a Sahihu Muslim, ba sai da rago ko sidi ɗaya ba. Kuma kafin a ce fatalwa, a leƙa silin, ɓeraye da jemagu ma suna motsi da dare.

A dokar Ghana wannan damfara ce, tana cikin sashe na 131 na dokar laifuka ta 1960. Mun kai saƙonnin MoMo ofishin 'yan sanda, mun sanar da limamin unguwa. Idan mutumin nan mai jallabiya ya zo muku, kada ku ba shi takardar gida ko da kallo ne, ku kira dattawa su zauna a wurin. In kun kama yaron da ya turo, don Allah kada a doke shi, a miƙa shi ga hukuma, ta bakinsa za a kai ga uban gidansa.